Batirin Motar Tsere Mai Rimot: Lambar mAh Ce Ta Ƙarshe Da Za Ka Duba

Da zarar an gama yankan dawa an ɗaure harawa, filin ƙwallon firamaren ƙauyenmu, can gefen hanyar Dambatta, yakan koma filin tsere bayan la'asar. A da motar kara da ta langa-langa ake turawa da sanda. Yanzu kuwa sai ka ga saurayi riƙe da rimot, wata 'yar mota ƙirar a-kori-kura tana tayar da ƙura a gabansa, yara kusan ashirin na bin ta a guje. Wasu motocin 'yan gwanjo ne da aka tsinto a Kano, wasu an yi odarsu ta intanet daga Chaina, wasu kuma samari ne suka ƙera da hannunsu, da bututun roba da dainamon tsohuwar DVD.

Bara na kawo wa ƙanena irin wannan motar. Batirin da ta zo da shi an rubuta 7.4V 1500mAh a jikinsa, kuma ba ya wuce minti goma yake sanyi. Abin ya dame shi. Ya tara kuɗin da ya samu a aikin roron wake, ya ba wani mai shiga birni saƙo, aka sayo masa ƙwayoyin batir biyu masu kyalli, kowace an rubuta 9900mAh a jikinta. A lissafinsa, zai yi awa guda yana tsere ba tsayawa. Da aka saka su, motar ta tashi kamar abin arziki, tana shiga rairayin bakin fili sai ta fara shiɗewa, ko minti biyu ba a yi ba ta tsaya cak. Yaron da ya ci tseren ranar, da tsohon batirinsa mai 1500mAh ya ci.

Kuɗin roron wake sun tafi, kuma ba shi kaɗai ba ne. Wayar salula ta saba mana da duba lamba ɗaya tak: Tecno ko Infinix mai 5000mAh ta fi mai 4000mAh daɗewa, shi ke nan. A waya wannan lissafin yana tafiya daidai, domin waya kurɓar wuta take yi kaɗan-kaɗan tsawon yini. Motar tsere kuwa kwankwaɗa take yi. Saboda haka tambayoyin da ke gaban mai sayen batirinta daban ne: wutar da motar za ta iya ɗauka, wutar da batirin zai iya saki a lokaci guda, sannan inda za a yi cajinsa a garin da wutar KEDCO ba ta da tabbas.

Tulu da bakin tulu

Lambobi uku ne ake rubutawa a jikin batirin irin waɗannan motoci, kuma kowace da aikinta.

Ta farko ita ce bolt, wato lambar da ke gaban harafin V. Ita ce ƙarfin turin wutar, ita ke sa injin motar ya juya da sauri ko a hankali. Ƙwayar batirin litiyam ɗaya bolt 3.7 ce a ƙa'ida, in ta cika maƙil ta kai 4.2. In aka jera biyu kai da gindi, sun zama 7.4, shi ne abin da ake rubutawa 2S. Uku kuma 11.1, wato 3S. Wannan lambar ba kai ke zaɓenta ba, motarka ce ta riga ta zaɓa. A cikin kowace mota akwai na'urar sarrafa gudu, wadda ake kira ESC, tsakanin batir da inji. In an ƙera ta don 2S, ka ɗura mata 3S, ka ƙara mata rabin abin da ta saba. Za ka ji daɗin gudun na ɗan lokaci, kafin ka ji ƙaurin roba. Motar Traxxas Slash, wadda ta fito a 2008 kuma ita ta yayata wannan ƙirar ta a-kori-kura a duniyar tseren rimot, misali ce mai kyau: mai ɗauke da na'urar XL-5 iyakarta 2S, mai VXL-3s ce ke ɗaukar 3S. Jikinsu kusan ɗaya ne, cikinsu daban. Ƙananan motocin WLtoys, irin su 12428 da 144001, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi ga mai oda ta intanet, duk da batirin bolt 7.4 suke zuwa.

Ta biyu ita ce mAh, yawan wutar da batir ke ajiyewa. Ka ɗauke ta a matsayin girman tulu. Ta uku kuwa, wadda aka fi mantawa da ita, lamba ce mai harafin C a bayanta, kamar 25C ko 50C. Wannan faɗin bakin tulun ne. Tulu yana iya zama ƙato, amma in bakinsa kamar na kwalbar turare yake, mai kashe gobara ba zai amfana da shi ba.

Lissafinsa ba wuya. Ka mayar da mAh zuwa Ah ta hanyar raba shi da dubu, sannan ka ninka da lambar C. Batir mai 1500mAh da 25C zai iya sakin 1.5 sau 25, wato amfiya 37.5. Mai 5000mAh da 50C kuma, a rubuce, amfiya 250 ke nan. Na ce a rubuce, domin babu wata hukuma da ke tilasta wa kamfanoni auna wannan lamba ta hanya ɗaya, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Fulogin XT60 da ke bakin yawancin irin waɗannan batura, daga amfiya 60 ya samo sunansa. To ina amfiya 250 za ta bi ta wuce? Don haka ni ina amfani da lambar C ne wajen kwatanta batura biyu na kamfani ɗaya, ba na rantsuwa a kanta. Amma batirin da babu lambar ma gaba ɗaya, ba don mota aka yi shi ba.

Ga wani lissafi da zai kawar da ruɗani tsakanin batirin mota da fawa bank. In ka ninka bolt da Ah, za ka samu ainihin makamashin da ke ciki, wanda ake rubutawa Wh. Batirin mota mai 7.4V 5000mAh yana ɗauke da 37Wh. Fawa bank mai 10,000mAh, da yake ƙwayoyinsa bolt 3.7 ne, shi ma 37Wh. Makamashinsu ɗaya ke nan, kusan cajin waya mai 5000mAh sau biyu. Amma ka jona fawa bank ɗin a motar tsere ka gani. Ramin USB na yau da kullum bolt 5 yake bayarwa, da amfiya 2 zuwa 3. Injin na neman fiye da haka sau da yawa a lokacin tashi, sai fawa bank ɗin ya ɗauka shot aka yi, ya kashe kansa.

Abin da rairayi ke yi wa batir

Bidiyon da muke gani a YouTube da TikTok, galibi a kan kwalta ko filin da aka daddaɓe musamman ake ɗaukarsu. Mu kuwa ƙasarmu jigawa ce. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Minjibir zuwa Dambatta da Makoda, kusan babu taƙi ɗaya da ba a nomawa, gona na manne da gona. Wurin tsere bai wuce filin makaranta, ko masussuka, ko hanyar burji, ko gonar da aka girbe mai kunya-kunya da tushiyar kara ba. Duk cikinsu akwai rairayi, kuma da taya ta nutse injin ya shiga wahala. Injin lantarki kuwa, yadda yake shan wahala haka yake ƙara zuƙar wuta. Inda ya fi zuƙa shi ne lokacin da ka danne maƙurar gudu alhali tayar ta kafe ba ta juyawa.

A nan ne batirin banza ke tona kansa. Kowace ƙwayar batir tana da wata 'yar tirjiya a cikinta, wadda ke cinye wani ɓangare na bolt ɗin a duk lokacin da aka ja wuta. A ƙaddara tsohuwar ƙwayar da aka ciro daga laftof tana da tirjiyar miliyom 50, motar kuma ta nemi amfiya 15. Ka ninka su, bolt 0.75 ya zube nan take. Ƙwayar da ke kan 3.7 ta faɗo ƙasa da 3, na'urar ESC ta ɗauka batir ya ƙare, ta yanke wuta. Ka ɗaga motar ka auna da mita, sai ka ga ai akwai caji. Akwai ɗin, fitarsa ce ta gagara. Wutar da ta zube kuma ba ɓacewa ta yi ba, zafi ta koma a cikin ƙwayar, sama da wat 11 a wannan misalin, a cikin abin da bai wuce girman babban yatsa ba. Ƙwayar da aka ƙera don aikin ƙarfi, tirjiyarta ba ta kai rabin wannan ba, shi ya sa take jurewa.

Tsawon lokacin tsere ma da rairayi ake lissafa shi. Batir mai 1500mAh, in matsakaicin abin da motar ke ja amfiya 9 ne, minti goma zai yi. In ka bar masa ɗan saura kamar yadda ya kamata, minti takwas. Kada wannan ya ba ka haushi. A gasannin ƙwararru na motocin lantarki masu girman ɗaya bisa goma, zagayen tsere ɗaya bai cika wuce minti biyar zuwa shida ba, kuma da batirin 2S mai taurin murfi ake yi. Wanda ke son ya daɗe a fili, batir biyu matsakaita sun fi masa ƙato ɗaya: motar ba ta yi nauyi ba, kuma injin ya samu hutu yayin canji.

Gaskiyar 18650

Ƙwayoyin da aka sayo wa ƙanena, irin waɗanda ake kira 18650 ne. Sunan awo ne kawai: kaurin milimita 18, tsawon milimita 65. Su ne a cikin tsofaffin baturan laftof, da tocila mai caji, da fanka mai caji, da fawa bank da yawa. Motar Tesla ta farko, Roadster, guda 6,831 aka jera mata. Ba ƙaramin abu ba ne, in aka samu na gaske.

Manyan kamfanonin da ke yin su, irin su Panasonic da Samsung da LG da Murata da Molicel, waɗanda suka saba fitarwa masu ɗaukar wuta da yawa a wajajen 3500mAh suke tsayawa. Duk wadda ka ga an rubuta 6800 ko 8800 ko 9900mAh a jikinta, ƙarya ce, ba sai an gwada ba. Ta gaske tana da nauyin wajen giram 45 zuwa 48. In kana da sikelin masu awon gwal ko na kicin, ɗora ka gani. Ta bogi sau da yawa shafal za ka ji ta ko a tafin hannu. Da na auna na ƙanena daga baya, ko kusa da wancan nauyin ba su je ba.

Ko a cikin na gasken ma, gida biyu ne. Akwai masu ajiya da yawa amma ƙaramin baki, kamar Samsung 35E mai 3500mAh, wadda iyakar abin da take saki a kai a kai amfiya 8 ne. Akwai kuma masu ƙaramar ajiya amma babban baki, kamar Samsung 25R mai 2500mAh da ke sakin amfiya 20, ko LG HG2 mai 3000mAh, ita ma amfiya 20. A tsere, mai 2500 za ta bar mai 3500 a baya. Baturan laftof daga gidan farko suke fitowa. Na gida na biyu, in tsofaffi kake nema, a cikin batirin injin huda bango mai caji ake samunsu, irin na kafintoci da masu haɗa silin.

Wannan ba ya nufin ƙwayar laftof ba ta da amfani. In da hannunka ka ƙera motarka, da ƙananan dainamo na DVD ko firinta, ka haɗa da allon Arduino da na'urar Bluetooth ta HC-05 kana tuƙa ta da waya, to ƙwayoyin laftof biyu sun ishe ka har da saura. Allon L298N da aka saba amfani da shi a irin wannan haɗin, amfiya 2 yake ɗauka a kowane ɓangare, kuma yana cinye kusan bolt 2 a hanya, shi ya sa ƙwaya ɗaya ba ta tayar da shi. Batirin Nokia BL-5C ma yara na gwadawa. Yana juya dainamo ƙarami, amma da an matsa masa sai allon kariyar da ke kansa ya yanke.

In za ka je Farm Centre ko titin Beirut ko Sabon Gari neman tsofaffin ƙwayoyi, tafi da mita, ko ka roƙi mai gyaran waya ya ara maka tasa. Wadda ta nuna ƙasa da bolt 2.5, bar ta a wurin. Mai tsatsa ko lotsewa ma haka. Ka duba ledar da aka naɗe ta da ita, musamman wajen kai: duk jikin ƙarfen gindi ne na wuta, kan kaɗai ne kishiyarsa, saboda haka yagewar leda a wuya tana iya haɗa shot. Waɗanda ka saya, ka cika su zuwa 4.2, ka ajiye mako ɗaya ko biyu, ka sake aunawa. Wadda ta sauka sosai ita kaɗai, ta gaji. Kuma ka haɗa masu iri ɗaya da shekaru ɗaya, domin a jere mai rauni ce ke fara ƙarewa, 'yar uwarta kuma ta ci gaba da matsa ta. Kada ka ɗora bakin ƙarfen dalma a kanta kana jira ta kama, zafin yana lalata cikinta. Masu haɗa batirin sola suna da injin da ke ɗana musu farantin nikel cikin ƙiftawar ido, kai musu.

LiPo ko NiMH

Ga wanda ya sayi motar tsere ta sosai, zaɓin yana tsakanin waɗannan biyun ne. LiPo shi ne ɗan uwan batirin wayarka, a cikin jakar leda mai ruwan azurfa yake, ba nauyi, ga sakin wuta. Shi ƙwararru ke amfani da shi, kuma in gudu kake nema babu tantama shi ne. Amma yana da sharuɗɗa uku da ba ya yafewa: kada ƙwaya ta wuce bolt 4.2 wajen caji, kada ta sauka ƙasa da 3 wajen aiki, kada kuma wani abu ya huda ta. A filin da ke cike da tushiyar kara da ƙaya da tsakuwa, sharaɗi na ukun ba wasa ba ne. Shi ya sa in har ramin batirin motarka zai ɗauka, ka nemi mai taurin murfi.

NiMH tsohon yayi ne. Ƙwayarsa bolt 1.2 ce, shida su ba da 7.2, bakwai su ba da 8.4. Ya fi nauyi, gudunsa yana raguwa a hankali tun kafin ya ƙare, kuma in ka ajiye shi yana zubar da caji da kansa. Sai dai yana da haƙuri. Yaro ya tsotse shi ƙarƙaf, ya jefar a ƙarƙashin gado, bayan wata guda a yi caji ya tashi. In motar ta yaro ce ɗan shekara goma, ko kuma ka san ba kai za ka riƙa tsayawa a kan cajin ba, ni NiMH zan ce ka saya, ko da abokai za su yi dariya.

Wani kuskure da ke kashe LiPo a rana ɗaya: na'urorin ESC da yawa suna da saiti biyu. A saitin LiPo suna yanke wuta kafin batir ya sauka ƙasa da ƙa'ida, a saitin NiMH kuwa ba sa yankewa. A XL-5 ta Traxxas, koriyar fitila na nufin kariyar tana kunne, ja kuma a kashe take. Motar gwanjo ba ka san saitin da mai ita na farko ya bari ba, sai ka duba. In motarka ba ta da wannan kariya sam, akwai 'yar ƙararrawa da ake maƙalawa a farin fulogin batirin, tana ihu in wuta ta yi ƙasa. Kuɗinta bai kai kusa da na batirin da za ta cece maka ba.

Akwai kuma ƙwayoyin da ake cirowa daga fitilun sola na kan titi, masu kauri, da ake rubuta LiFePO4 ko 3.2V a jikinsu. Sun fi jure zafi, sun fi wuyar kamawa da wuta. Amma biyu a jere bolt 6.4 kawai suke bayarwa, motar za ta yi sanyi, kuma cikarsu 3.65 ce. Cajar da ke kai wa 4.2 ba tasu ba ce.

Ina za ka yi caji?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ka fara amsawa tun kafin ka tura kuɗi. Batirin 2S ko 3S yana da wayoyi kashi biyu: masu kauri biyu da ke zuwa mota, da sirara masu farin fulogi. Ta sirarun ne caja ke leƙa kowace ƙwaya ita kaɗai, ta tabbatar babu wadda ta wuce 4.2 yayin da 'yar uwarta ke baya. Cajar da ba ta yin wannan daidaitawa, ba cajar LiPo ba ce. Na taɓa ganin wanda ya yanke bakin cajar laftof mai bolt 19 zai jona kai tsaye, wai don ya cika da wuri. Allah ya sa an riƙe hannunsa.

Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce 1C: batir mai 1500mAh a ba shi amfiya 1.5, mai 5000mAh a ba shi amfiya 5, ya cika cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Ƙaramar cajar nan ta B3 da ake haɗowa da wasu batura, wajen amfiya 0.8 take bayarwa. Ka ga ke nan mai 5000mAh zai haura awa shida a kanta. A garin da ake kawo wuta awa biyu a ɗauke, ko ake tayar da janareta daga magariba zuwa ƙarfe goma, ƙaton batir da ƙaramar caja wahala ce kawai ka saya.

Mafitar da ta fi dacewa da karkara ita ce cajar da ke shan wutar batirin sola kai tsaye. Samfurin iMAX B6 na kamfanin SkyRC, da masu kama da shi, yana karɓar bolt 11 zuwa 18, wato za ka iya maƙala shi a batirin sola mai bolt 12 ko na mota, ba inbata ba janareta. Yana cajin LiPo da NiMH da LiFePO4, yana nuna bolt ɗin kowace ƙwaya a fuskarsa. 37Wh da batirinka ke buƙata ba wani abu ba ne a wurin batirin sola mai 100Ah, wanda a rubuce ke ɗauke da 1200Wh. Sai dai an kwaikwayi wannan caja sosai a kasuwa, don haka ranar farko ka gwada abin da ta nuna da abin da mita ta nuna. Mai ƙwayar 18650 guda ɗaya kuwa, ɗan allon TP4056 da cajar waya sun wadatar, amma ɗaya bayan ɗaya, ba a jere ba.

Shagon mai cajin waya fa? Na san nan hankalin kowa zai tafi. Ka tuna yadda shagon yake: rumfar kwano, wayoyi hamsin ko fiye a kan katako ɗaya, galan ɗin fetur a gefe, mai shagon kuma yana fita salla ko cin abinci. In batirinka ya kama a nan, ba motarka kaɗai za ka yi asara ba, wayoyin rabin gari ne a wuyanka. In dole sai can, ka je da cajarka, ka ajiye batirin a ƙasa nesa da wayoyin, ka zauna har ya cika.

Zafin bazara da rufin kwano

Kamfanonin batirin litiyam suna iyakance caji a tsakanin digiri 0 zuwa 45, aiki kuma zuwa wajen 60. A Afrilu da Mayu zafin Kano yakan taɓa 40 a inuwa. Ɗaki mai rufin kwano ba silin ya fi haka da rana tsaka. Ga batir ya fito daga mota da ɗuminsa. Ka ga tazarar da ta rage ba ta da yawa. Saboda haka a bazara ka bar shi ya huce tukuna, ka yi caji da sassafe ko bayan isha'i, kuma kada ka bar shi a but ɗin babur ko kan taga. In ka taɓa shi bayan tsere ka kasa riƙewa, ya yi wa motar ƙanƙanta, ko kuma rairayin ya yi yawa.

Wanda ya kumbura kamar fanke, ya gama aiki. Kada ka danne shi da dutse, kada ka huda shi da allura wai iska ta fita, kamar yadda wasu ke yi wa batirin waya. Kamfani irin Samsung, da duk injiniyoyinsa, sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda batir na kamawa da wuta. Wancan batirin bai kai rabin makamashin da ke cikin 2S mai 5000mAh ba. Mu kuma a gidajenmu na karkara, lokacin tseren shi ne lokacin da komai ya bushe: dangar kara, zana, harawa a kan rumfa, rumbu cike da abincin shekara, ga iskar hunturu.

Ba sai ka sayi jakar nan ta musamman da ake tallatawa ba. Tsohuwar tukunyar ƙasa ta isa. Ka zuba rairayi a gindinta, ka saka batirin, ka ajiye a tsakar gida ko kan siminti, nesa da katifa da gidan sauro, da bokitin rairayi a kusa. Kada ka toshe bakinta gam. In ka ga hayaƙi, zare cajar daga wuta in hannunka zai kai lafiya, ka juye rairayin a kai, ka janye yara, domin hayaƙin guba ne. Kada kuma ka kwanta barci ka bar shi a caji.

Sauran abu biyu ƙanana ne, amma su ke sa kaya ya iso daga Chaina ya zama ba shi da amfani. Ka auna ramin batirin motarka da rula kafin oda. Cikakken 2S mai taurin murfi yana kai wajen milimita 138 a tsawo, 46 a faɗi, 25 a kauri, ba zai shiga ƙananan WLtoys ba ko da an yi dabara. Sannan ka ɗauki hoton fulogin motarka ka kwatanta: akwai T ja da ake kira Deans, akwai XT60 ruwan ɗorawa, akwai farin Tamiya, Traxxas kuma nata daban ne. In za ka canza fulogi da kanka, waya ɗaya za ka yanke ka like ka rufe, sannan ka taɓa ta biyun. Almakashi ɗaya a kan wayoyi biyu shot ne.

Daga watan Yuni, da ruwa ya sauka, filayen sun koma gona, masu tseren ma duk suna bakin noma har Oktoba. A wannan watannin ne batura suka fi mutuwa, a ajiye. LiPo ba ya son a ajiye shi a cike, ba ya son a ajiye shi fanko, bolt 3.8 a kowace ƙwaya yake so, wato 7.6 ga 2S. Cajar B6 tana da saitin ajiya da ke kai shi nan da kanta. In ba ka da ita, ka cika shi, ka yi tsere na 'yan mintuna, ka auna da mita har ya sauko wurin. Ka zare shi daga motar gaba ɗaya, domin wasu na'urorin ESC suna ci gaba da tsotsa ko an kashe makunni. Sai ka mayar da shi tukunyarsa a inda ɗigar rufi ba ta kaiwa, ka riƙa ɗora masa mita sau ɗaya a wata. Na ƙanena yana can a ƙarƙashin rumfar Inna, kusa da randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan.